Habbanayen Ɓeraye

Ɗakin da aka turo mini a hoto tun ina Dakoro yana da tagogi biyu da farin labule, har da tukunyar fure a gefe. Wanda na tarar ranar da na sauka Faransa kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, kusa da inda ake tara bola. Tagarsa ba ta fi faifai ba, kuma abin da ake hange ta cikinta ƙafafun masu wucewa ne kawai. Na dire jaka na ce wa mai gidan, "Mushe, ina furen?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce hoton na hawa na uku ne, amma ai duk gida ɗaya ne. Ni Hajo ba a san ni da haɗiye magana ba. Na zazzage masa faransancin da ke cikina tas, har da wanda ban san na iya ba. Ya bari na gama, ya miƙo makulli, ya haye sama abinsa. To ina za ni da jakunkuna a garin da ban san kowa ba? Nan na zauna.

Kunnen yayana Idi ne ya kai ni wannan rami. Yana gab da jarrabawar sartifika ta gama firamare sanƙarau ya kama shi wata bazara, wuya ya ƙage, jiki kamar garwashi. Aka kai shi gidan likita a amalanke, aka yi ta allurai, Allah ya tashi kafaɗunsa. Inna tana cikin murna ta kira sunansa daga baya, bai juyo ba. Har yau bai juyo ba. Ya bar lakwal, wato makaranta, shi da ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya bi shanun Baba can wajen Azagor. Maganarsa tana nan, sai dai da ƙarfi take fita tunda ba ya jin kansa, mu kuma muna ba shi amsa da hannu da leɓe. Duk hutu a wurinsa nake yi, shi ya koya mini kallon dabba. Sai ya damƙi kaina ya juya shi ya ce, "Hajo, bar kallon launi. Dubi tafiyarta, dubi yadda take ajiye ƙafar baya." Kafin in girma, ko tumaki farare fat aka cakuɗa sai in ware na kowa.

Da na gama karatun lafiyar dabbobi a Yamai na samu bursu, wato tallafin ƙaro karatu a Faransa, Yaya Idi ya riga ya yi aure har da jaririya, Zuwaira. Kullum da safe sai ya lallaɓa bayanta ya tafa hannu, tafin da shi ba ya ji, ya tsaya yana duban ko za ta juyo. An yi mata rigakafi, amma sanƙarau ba iri ɗaya ba ne, kuma ya sani. Saƙo ɗaya ya ɗora mini. Ya ce, "Allura ta kashe ciwon, to mi ya ci kunnena? In ya kama Zuwaira, akwai abin da za shi tsare nata? Ki tambayo mini." Amsar nan na je nema, kuma na rantse a raina ba zan koma in tsaya gabansa hannu rabbana ba.

Shugabar labo ɗinmu, wato ɗakin bincike, Madam Odil, ƴar siririya ce mai furfura, ba ta dariya sai da dalili. Ita ta warware mini rabin tambayar tun makon farko. Antibiyotik yana kashe ƙwayar cutar, amma kafin nan jiki ya riga ya tashi yaƙi, kumburi ya cika lulluɓin ƙwaƙwalwa da cikin kunne, kuma shi ke yin ɓarna mai yawa. Na ce mata, "Ashe kamar ɓarawo ne ya shiga gona, maƙwabta suka fito kora, aka kama shi, amma an tattake hatsin." Ta dube ni ta saman gilashi ta ce haka ne. Aikina shi ne in gwada wani ƙarin magani da za a haɗa da antibiyotik ya kwantar da kumburin, a ga ko kunne zai tsira. Ba a fara irin wannan a kan mutum, sai an ga alamarsa a jikin dabba.

Na kira Inna ina zumuɗi na ba ta labari. Ta ce, "Wace dabba? Shanu gare su can?" Na ce a'a, ɓeraye ne farare. Sai na ji ta cikin salula, "Kusu? Ke Hajo, kusu? Jirgin sama kika hau don kiwon kusu? Ai da kin faɗi, da na buɗe miki rumbu kin yi karatunki a gida!" Daga ranar sunana a gidanmu ya koma lokotoron kusu, wato likitan ɓeraye. Har matan unguwa in sun ga Inna a kasuwa sai su tambaye ta ya marasa lafiyar ɗiyarta.

Sanyi ya shigo, ya same ni a ramina. Rana ta fito a makare ta koma da wuri kamar mai jin kunyar mutane. Na yi kewar hura har ta riƙa zo mini a mafarki. Cukun da Inna ta ƙulle mini a leda nake gutsira kaɗan-kaɗan kamar magani. Ba ni da abokin hira sai tagar nan, don haka na koma kallon ƙafafu. Ban daɗe ba na san mutanen layin duka ta tafiyarsu, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Akwai wata mai jan ƙafar hagu da ke wucewa kullum da safe, sai ta ɓace kwana biyu. Ranar nan a shagon burodi na ga wata tsohuwa ta taka zuwa ƙofa, na gane ta nan take, bakina ya suɓuce na ce, "Madam, ya ƙafar? Kwana biyu ba ki wuce ba." Matar nan ta ƙanƙame jakarta kamar ta ga aljani. Da na yi mata bayanin tagar sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta shekara da shekaru a layin nan ba wanda ya taɓa lura ta yi fashi. Da yamma ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da bargo mai kauri da tukunyar fure. Na rungume bargon na yi kuka sosai, ban ɓoye mata ba.

A labo kuwa akwai Toma, wani dogo mai jan gemu, ɗalibi ɗan'uwana. Da faɗa muka fara. Na ɗumama miyar kuka da daddawa a ɗakin cin abinci, ya shigo ya toshe hanci ya bubbuɗe tagogi, wai ko wani abu ya mutu a firigo. Na ce, "Kai da ke cin cukun da ke warin takalmin soja, kai ne za ka yi wa daddawa gori?" Mutane suka fashe da dariya, fuskarsa ta yi ja kamar gemunsa. Daga nan gaisuwa ma sai da kai.

Ga yadda gwajin yake. Ana sa wa ɓeraye cutar, da izinin wani kwamiti mai tsananin bincike wanda ke ƙayyade ko nawa za ka taɓa, ya kuma wajabta maganin rage zafi. Duka ana yi musu antibiyotik. Rabi a ƙara musu sabon maganin, rabi a ba su ruwan gishiri kawai. In sun warke sai a auna jinsu. Matsalar ita ce sabon maganin rawaya ne shar kamar gangamau, ruwan gishiri kuwa fari, saboda haka mai yin allura dole ya san wa ya samu me. Shi kuma mai awo ba a so ya sani, don zuciya tana da son kai, takan ja ido inda take so. Mu kuma ba mu da yawa a labo, ni ce mai allura, ni ce mai awo. Dabarar da suka saba ita ce in ka gama allurai, wani ya kwashe ɓerayen, ya goge alamar wutsiyarsu, ya sauya musu keji da lamba, ya dawo maka da su kamar baƙi. Toma ne ya yi mini wannan, fuska a murtuke.

Ni kuwa ko a jikina. Ban ga baƙo ko ɗaya ba. Ga Dillali, wanda ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana tsakanin mutane. Ga Hajiya mai ƙiba da tafiyar ƙasaita. Ga Malam Shiru a kusurwarsa. Tun ranar da aka kawo su na raɗa musu suna, don a gidanmu ba a kiwon dabbar da ba ta da suna. Wallahi a zatona sauya lambar nan wata ƙa'idar takardu ce irin ta Turawa, ban taɓa kawo wa raina cewa su ba sa bambance su ba.

Ranar taron labo, tun ba a bayyana wa ya samu me ba, na kasa riƙe murna. Na ce, "Madam, maganin nan yana aiki! Dillali rawaya na yi masa, kuma ji yake kamar ba abin da ya same shi. Malam Shiru kuwa da ya sha ruwan gishiri, kunne ya tafi." Madam Odil ta cire gilashi ta ce, "Wane ne Dillali?" Ta tasa ni gaba har ɗakin dabbobi, Toma yana biye da ordinatarsa, kwamfutar da ya adana lambobin a ciki. Ta nuna wannan, na ce rawaya. Ta nuna wancan, na ce fari. Haka har ƙarshen layi, Toma yana dubawa yana cewa daidai, muryarsa tana ƙara ƙanƙancewa. Ni har ina ɗaga kai, ina jiran yabo.

Sai ta ce, "Hajo, aikin nan duka ya tashi a banza."

Na ce haba Madam, ai inji ke awo, ba ni ba. Ta ce, "In layin da injin ke zanawa a allo ya yi rauni, wa ke cewa ji ne ko ba ji ba ne? Wa ke cewa a sake aunawa?" Ba ta da niyyar cin mutuncina, gaskiya ce kawai ta ajiye mini, mai ɗaci. Na fita na zauna a matakala ina huci. Haushin Yaya Idi na ji har wuya, shi da idonsa na tsiya! Sannan na tuna dabbobin nan sun sha ciwo saboda ni, kuma ba abin da aka samu, nan ne kuka ya ƙwace mini.

Kwamiti ya yarda a ba mu rukuni ɗaya na ƙarshe, ba ƙari. Bursuna kuma yana ƙarewa kafin damina ta sauka a gida. In wannan ya lalace, sai in tattara in koma lokotoron kusu na gaske. Sharaɗin Madam ɗaya ne: kada idona ya sauka kan ɓerayen nan sai ranar awo. Wani zai yi allurai da jinya, har Asabar da Lahadi. Ita tana koyarwa. Mutum ɗaya ya rage mai izinin taɓa dabba, kuma kowa ya san ko wane ne.

Na kwana biyu ina zagaye kafin in haɗiye girman kaina. Na ɗauki guntun cukun Inna na ƙarshe, na same shi yana wanke kwalabe, na ajiye gabansa. Na ce, "Toma, a garinmu akwai abin da Fulani suka koya mana, habbanaye. Ka ɗauki saniyarka ka danƙa wa wani, ta zauna a hannunsa, ya kula da ita kamar tasa. In ta haihu ƴaƴan nasa ne, daga baya ya maido maka uwar. Ba a rubutawa, amana ce. Na zo in ba ka habbanaye." Ya dube ni, ya dubi cukun, ya ce, "In ɓerayen sun haihu nawa ne?" Na ce duk maza ne, Allah ya ba ka haƙuri, amma zan wanke maka kejinka da kwalabenka har in bar ƙasar nan. Ya gutsiri cukun ya tauna, ya ce abin da ba ya wari ba cuku ba ne. Sannan ya cinye sauran ya ce, "Kawo makullin ɗakin, kada in ga ƙeyarki a wurin."

Ban taɓa shan wuya irin ta makonnin nan ba. Dabbobina suna jinya a bayan ƙofa, ni ina waje ina goge keji kamar wadda aka kora daga gidan suna. In ya fito sai in tare shi, "Ya suke? Suna ci?" Ya ce, "Suna gaishe ki." Iyakarta kenan, ko da wasa bai taɓa ƙara kalma ba. Na zage shi da Hausa, ya ce amin da faransanci. Amma Lahadi da sassafe, ana yayyafin ƙanƙara, ina ganin kekensa jingine a ƙofar labo. Ya fasa zuwa bikin ƙanwar budurwarsa saboda allurar yamma, ban ma sani ba sai daga baya.

Ranar awo ya turo mini su, baƙi na gaske wannan karon. Akan sa ɓera barci, a maƙala masa ƴan siraran wayoyi a bayan kunne, a saka masa ƙara ƙas-ƙas-ƙas ana rage ta a hankali. In kunne ya kai saƙo ƙwaƙwalwa, layin da ke kan allo sai ya tashi tudu-tudu kamar jigayin Azagor. In ba ji, layi ya kwanta shamɓal. Wani ya ba ni tudu, wani ya ba ni fili, ni kuma ban san wa zan yi wa fata ba. Idona bai daina halinsa ba, kafin azahar na raɗa wa rabinsu suna, amma yanzu sunan ba ya gaya mini komai. Na gama, na miƙa wa Madam sakamakon, ta rufe shi yadda ko ni ba zan iya taɓawa ba.

Sai aka kira Toma. Ya tsaya yana faɗin wa ya samu rawaya, wa ya samu fari, Madam tana raba su gida biyu a allo. Tun ba a kai ƙarshe ba abin ya fara fitowa: tuddan suna taruwa a gefen rawaya, filayen suna gangarawa gefen fari. Ba duka ba, akwai masu rawayan da kunnensu ya tafi, amma bambancin ko makaho ya shafa zai ji. Madam ta sake lissafinta, ta sake, sannan ta juyo. Karo na farko na ga haƙoranta.

Ni dai ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba. Guɗa ta sosai, irin ta matan Dakoro ranar kai amarya. Mutanen labo na kusa suka fito a guje, sun ɗauka ƙararrawar gobara ce. Toma ya toshe kunnuwa yana cewa yanzu shi za a auna. Madam ta bari na lafa sannan ta ce, "Ɓera ba mutum ba ne, Hajo. Sai wasu sun maimaita sun samu haka, sannan a yi maganar mutane, kuma da sauran tafiya." Na ce na sani, Madam, amma yau dai ki bar ni in yi rawata.

Na iso gida hatsi ya fara kai gwiwa. Inna ta tarbe ni da ƙwaryar hura tana cewa, "Lokotoron kusu, an sallami marasa lafiya?" Na ce an sallame su, Inna, suna gaishe ki. Washegari na hau mota zuwa wurin Yaya Idi. Na same shi bakin rijiya, Zuwaira tana tafiya da ƙafarta tana riƙe da gefen rigarsa. Muka zauna a inuwar adua, na fara da hannu da leɓe. Na gaya masa ɓarawon da masu korar da suka tattake hatsi. Ya daɗe yana gyaɗa kai, ya taɓa kunnensa ya ce, "Ashe ƴan gida ne." Na ba shi labarin yadda idonsa ya rusa mini aikin watanni, ya yi dariya har shanu suka ɗago kai. Da ya ji na Toma kuwa sai ya daina dariya, ya nuna wata jar karsana ya ce ɗan farinta na mai jan gemu ne, wanda ya riƙe amana ba ya tashi haka nan.

Sannan ya tambayi abin da nake jira. "To Zuwaira fa?" Ban yi masa ƙarya ba. Na ce maganin bai iso gidan likita ba tukuna, ɓeraye kawai ya tsare, kuma nasa kunnen ba zai dawo ba. Amma kunnen da sanƙarau ya kama ana iya tsare shi, na gani da idona, kuma wannan karon idon bai san komai ba. Na fito da salula na nuna masa hoton allo, layin da ya kwanta da layin da ya tashi. Na ce wannan shiru ne, wannan kuma ƙara ce lokacin da take shiga kai.

Ya karɓi salular da hannu biyu. Ya ɗora yatsa kan tuddan yana bi a hankali, hawa da sauka. Mutumin da rabonsa da jin ƙara tun yana ɗan lakwal, ga ta yau yana kallo. Ya miƙo mini, ya tashi ya lallaɓa bayan Zuwaira tana wasa da ƙasa, ya tafa hannu. Ta juyo tana dariya. Sai ya durƙusa gabanta, ya share rairayi da tafinsa, ya zana tuddan nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya dube ni ido jajir, ya ce da muryar nan tasa da ake ji har bakin rijiya, "Hajo, haka ya yi a kanta yanzu?"

Na ce haka ya yi, Yaya.